Malama Ta Faɗi a Aji

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, yaya jikin maigidan naki, ya fara takawa kuwa? Allah ya ƙara sauƙi. Umma da Yaya suna gaishe ki. Na san in na kira ki a waya ƙarshenta ni ina ihu ke kina cewa "Na'am?", tunda injinan masaƙar nan sun gama da kunnenki, shi ya sa na ɗauki biro.

Aiki lafiya lau. Bana an ba ni 'yan ajin ƙarshe, ilimin halittu nake koya musu, yaran kuma ba laifi.

Goggo, maganar ƙwayoyin farfaɗiyar nan ce ta sa na rubuto. Na gaji da su. Shekara da shekaru ban faɗi ba, amma kullum sai na sha, ga nauyin jiki, ga ƙibar da suka sa mini. A makaranta ba wanda ya san ina da ciwon. Ta rana a banɗakin malamai nake shanta, sai na buɗe famfo don kada a ji ƙarar ledar. Makon jiya jakata ta zube a ofis, katin maganin ya faɗo daidai ƙafar malamar lissafi. Ta ɗauka ta miƙo mini, na ce na Umma ne. Ba ta ce komai ba, amma har aka tashi ban iya ɗaga kai ba.

Umma ba a yi mata wannan zancen, da na fara sai ta ce in rage murya maƙwabta na ji. Ke ce kika riƙa tallabe kaina a cinyarki ina ƙarama in abin ya zo, ke kaɗai zan iya tambaya. Haka zan ƙare rayuwata ina shan magani a banɗaki kamar ɓarauniya?

'Yarki,
Auta

*

Auta 'yar ƙanena,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Maigida yana nan, ɓarin jikin nan na hagu har yanzu bai saki ba, amma bakin ya dawo sarai, har ya fi da, don tun safe yake ba ni umarni daga kan gado. Kunnena kuwa ki bar yi masa sharri, abin da nake so in ji ina jinsa.

Na karanta maganarki, ta taɓa ni. Amma ki saurara. Ni ba likita ba ce, zare na sani da allura. A sashenmu in inji ya daɗe bai ba da matsala ba, ba ma cewa a daina sa masa mai. Sai dai mutum ba inji ba ne, na taɓa jin wata a nan tana cewa ɗanta an yaye shi daga maganin bayan ya daɗe bai faɗi ba, a hankali, likita na dubawa. Don haka ki shirya ki je wurin likitanki ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, har maganar banɗakin. In ya ce ki rabu da su, alhamdulillahi. In bai ce ba, ki ci gaba da sha ki bar ƙiba ta yi abinta, mu dangin babanki dama ba a san mu da rama ba.

Ki gaishe da Ummanki, ki ce wa yayanki bakanike ko hannunsa da baƙin mai ya rubuto mini layi biyu.

Goggonki

*

Goggo! Goggona ta kaina!

Lafiya lau muke, ni kam na fi kowa lafiya, ki gaishe da maigida ki ce masa ya kusa tashi, na ji a jikina. Albishirinki: na rabu da ƙwayoyin nan, na rabu da su har abada, kuma Goggo ashe barci nake yi duk shekarun nan ban sani ba. Kamar an wanke mini ido. Ganyen bishiyar ƙofar gidanmu ashe kore ne haka?

Yanzu barci kaɗan ya ishe ni, kafin kowa ya motsa na gama shirya darasin mako guda, na wanke gida, na sake wa ɗakina fenti, rawaya, Umma ta ce ya yi haske da yawa, na ce hasken nake so. Yara a aji har ba sa so a buga ƙararrawa. Na gano yadda za a koyar da kimiyya gaba ɗaya a zango ɗaya, lissafi da halittu da sinadarai duk abu ɗaya ne, mutane ne suka rarraba su don lalaci, na rubuta tsarin, ya cika littafi, na kai wa shugaban makaranta ya ce zai duba, bai gane ba ne, amma zai gane. In bai gane ba zan buɗe tawa makarantar, na ma ga filin, kusa da tashar mota, ke za ki zo ki riƙe sashen ɗinki, ki bar wa masu masaƙa hayaniyarsu, maigida kuma mu sa masa kujera a bakin ƙofa ya riƙa ba yara umarni tunda ya iya.

Kayana na da duk na rabar, na wata mata ce mai nauyin jiki wadda ba ni ba. Yaya yana ta yi mini kallon mamaki wai na cika magana. Shekara nawa na yi shiru? Ai sai a bar ni in rama.

Zan rubuto da sauran bayani, yanzu ina sauri, abubuwa sun yi mini yawa kuma duka masu daɗi ne.

Autarki, sabuwa fil

*

Auta,

Kai, alhamdulillahi. Wallahi da na karanta wasiƙarki sai da na yi hawaye. Ashe likita ya sallame ki. Kin ga amfanin zuwa a tambaya ke nan. Na karanta wa maigida, ya ce kujerar tasa a sa mata matashi. Na kai ta wurin aiki ma, lokacin hutun rana na karanta wa matan sashenmu, suna ta dariya suna cewa wannan 'ya taki akwai zafin nama. Ɗaya ta ce in an buɗe makarantar a ajiye wa jikarta gurbi.

Rabon da in ji muryarki haka tun kina 'yar ƙarama. Kada ki bari yayanki ya sanyaya miki gwiwa, shi dama tun yana yaro in an yi dariya sai ya tambayi dalili. Ki ci gaba da abinki, ki nuna wa shugaban nan naku cewa gidanmu ba a haifi rago ba. Barcin dai ki riƙa ƙarawa kaɗan.

Goggonki mai alfahari da ke

*

Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, Allah ya ba maigida sauƙi. Kin ce in rubuto, ga shi na rubuto, amma ba da labari mai daɗi ba. Na san kin ji shiru daga Auta.

Ba likita ne ya sallame ta ba. Ba ta je ba ma. Da kanta ta zuba ƙwayoyin a masai, mu ba mu sani ba sai daga baya. Abin da kika gani a wasiƙarta mu a gida muka gan shi da ido: ba barci, ba tsayawa, magana kamar rediyo. Har keken ɗinkin Umma ta ba wata mata da ta zo wucewa. In na yi magana ta ɗauko wasiƙarki ta karanta mini inda kika ce kada in sanyaya mata gwiwa.

Ranar da abin ya faru, a taron safe na makaranta ta karɓe lasifika daga hannun shugaban a gaban ɗalibai duka. Ta ce daga yau ita ce mai makarantar. Ta ce malaman ragwaye ne, ta kama sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ajin malamar lissafi da maƙabarta ba bambanci. Da ƙyar aka lallaɓa ta ta sauka, ta wuce ajinta. Tana cikin rubutu a allo ta faɗi. Farfaɗiyar ta zo mata da ƙarfi, ta fasa goshi a gefen tebur, ta jiƙa kayanta. Yara suka watse, wasu suka tsaya a taga suna ɗauka a waya. Malamar lissafin nan ce ta shigo ta cire mayafinta ta rufe ta, ta zauna da ita har na iso daga gareji.

Ta yi kwanaki a asibiti, yanzu tana gida, an mayar da ita kan magani. Ba ta magana, ba ta fitowa, abinci sai an yi da gaske. Umma tana gaya wa maƙwabta zazzaɓi ne ya taɓa mata kai, alhali rabin unguwa sun ga hoton. Ni ma in na shiga gareji sai in ga yara sun kife waya.

Ki rubuto mata. Maganarki take ji.

Ɗanki,
Bakanike

*

Auta,

Ina gaishe ki, yaya jiki? Allah ya ba ki lafiya.

Wasiƙar yayanki ta daɗe da isowa. Na sha ɗaukar biro in ajiye, kunya ta hana ni rubutu. Ban san da wane ido zan dube ki ba. A wurin aiki matan nan suna ta tambayata labarin makaranta, na rasa abin da zan ce musu.

Da zan iya barin maigida da na taho. In kin ji ƙarfi ki zo nan ki zauna da ni, unguwarmu ba wanda ya san fuskarki.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaishe ki da maigida. Jiki da sauƙi, goshin ya warke, sai tabo. Ki yi haƙuri da daɗewar da na yi ban amsa ba. Da farko ko biron ba na iya ɗagawa, daga baya kuma ban ga abin da zan ce wa wadda ta ce tana jin kunyata ba.

Ban ga laifinki ba. Ni ma da zan iya da na daina duban kaina. Na ga hoton, Goggo. Yaya ya hana, amma wata ta turo mini, wai don in san abin da ake yawo da shi. Faɗuwar ba ita ta fi ci mini rai ba, wannan ba na cikin hayyacina. Ta taron safen ce. Idona biyu, muryata ce, hannuna ne riƙe da lasifika, ina dariya ina zagin mutanen da muke shan shayi tare. Kuma ina tuna komai, har daɗin da nake ji a lokacin ina tunawa. Matar da na ce ajinta maƙabarta ne, mayafinta yana nan a ɗakina, Umma ta wanke ta goge, na kasa mayarwa. Ɗakin ma rawaya ne har yanzu, in na buɗe ido shi nake fara gani.

Likitan farfaɗiyar ya haɗa ni da wata likitar ƙwaƙwalwa. Ranar farko a wurin jira na ja mayafi har hanci don kada wani ya gane ni. Ta ce abin da ya same ni kafin faɗuwar ba iska ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Akwai ciwon da ke ɗaga mutum sama har ya ga ba abin da ya fi ƙarfinsa, sannan ya sake shi ƙasa har ya kasa tashi daga gado. Ta ce an lura ana samun irin wannan a masu farfaɗiya fiye da sauran mutane, ko da yake ba duka ba, kuma ba a gama sanin ko ɗaya ne ke jawo ɗaya ba, ko tushensu ne ɗaya a ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙwayar da nake sha tun tuni ashe ita ake ba masu wancan ciwon ma. Ta ce wataƙila duka biyun take riƙe mini ban sani ba, da na zubar sai na sake su tare. Ta ce wataƙila, don wani lokaci farfaɗiyar kanta tana birkita yanayin mutum na ɗan lokaci, sai an bi ni a hankali kafin a tabbatar.

Ni da nake zana wa yara ƙwaƙwalwa a allo, ga abin da na yi da tawa.

Ta tambaye ni ko a dangi akwai mai irin wannan hawa da sauka. Na tambayi Umma, ta tashi ta shiga kicin. In kin san wani abu ki faɗa mini, don magani ne, ba don tonon asiri ba.

Maganar zuwa kuwa na gode. Ba sai kin ɓoye ni a unguwarku ba, na iya ɓoye kaina a nan. Matan wurin aikinki ki ce musu an fasa makarantar.

Auta

*

Auta 'yata,

Ina fatan kin ƙara samun sauƙi. Maigida ya fara zama da kansa, yana gaishe ki.

Yanzu ki buɗe ido ki karanta da kyau, don na ga ni da ke mun iya karanta abin da ba a rubuta ba. Ke kika rubuta kin rabu da ƙwayoyi, ni na karanta likita ya sallame ki. Ni na rubuta kunya, ke kika karanta kunyarki. Kunyar kaina nake nufi, yarinyar nan. Kin aiko mini da wasiƙa kina cikin ciwo tsundum, ni da furfurata na ɗauke ta na kai wurin aiki ina karanta wa mutane ana tafi. Yayanki yana ƙoƙarin riƙe ki, na aiko miki da abin da za ki buge masa hannu da shi. Wannan ne ya hana ni rubutu. Ke kuwa, na wanke miki kaya kina ƙarama sau ba adadi bayan kin faɗi, ban taɓa jin kunyarki ba, ba yanzu zan fara ba.

Ga amsar tambayar likita. Babanki, Allah ya jiƙansa, bai taɓa faɗuwa ba, amma hawa da saukar nan yana da su. Yana saurayi akwai lokacin da ya kwance rufin shagonsa da hannunsa wai zai ɗora bene, ya tara ma'aikata, yana waƙa a kan tsani. Bayan nan ya shige ɗaki ya yi wata da watanni ba ya amsa sallama, ni nake tura masa abinci ta ƙofa. Ya maimaita haka bayan aurensa ma. Mu a lokacin halinsa muke cewa, ba wanda ya kawo maganar asibiti don ba mu san ciwo ba ne. Ummanki ita ta zauna da shi a kowane hawa da kowace sauka, kuma ita ta sha kallon mutane. In ta shiga kicin ki ƙyale ta, ba ƙin ki take yi ba. Ki gaya wa likita duk wannan, ki ce daga bakin yayarsa kika ji.

Matan wurin aiki kuwa na riga na gaya musu gaskiya. Na ce 'yata ba ta da lafiya lokacin da ta rubuta, yanzu tana shan magani. Mai jikar nan ta ce Allah ya ba ki lafiya, sauran suka ci gaba da cin abincinsu.

Na janye maganar ki zo ki ɓuya, kuskure ne. Ki zo hutu in kin ga dama. Mayafin mutane kuma ki mayar musu da ƙafarki, kada ki aiki kowa.

Goggonki

*

Goggona,

Assalamu alaikum. Mun ji daɗin labarin maigida, Allah ya ƙara masa ƙarfi. Umma da Yaya lafiya. Na kai wa likita bayaninki, ta rubuta, ta ce a gode miki. Ta ɗan gyara yadda nake shan maganin, kuma ta ce duk ranar da na ga barcina ya ragu amma ban gaji ba, in zo da sauri, ko da daɗi nake ji. Na ce Yaya ya riƙa lura da ni. Ya ce ai dama aikinsa ke nan, ba a biyansa.

Na kai mayafin. Na tsaya a ƙofar gidanta har sai da na ji ƙafata za ta juya da kanta. Na shirya dogon ban haƙuri, da ta fito sai na fashe da kuka. Ta ce tun ranar da katin ya faɗo ta gane maganin, ƙaninta yana sha, ta yi shiru ne don ta ga ba na so. Ta ce maganar maƙabarta kuwa ta yi mata zafi, kuma har yanzu tana yi mata. Ta zuba mini shayi.

Na koma aiki. Shugaban ya karɓe ni da sharaɗin takardar likita, ya kuma karɓe ajin ƙarshe ya ba wani, wai iyaye sun yi magana. Malamai biyu ba sa amsa gaisuwata, ban ga laifinsu ba. Na roƙi a bar ni in shiga tsohon ajina sau ɗaya in yi musu sallama.

Da na shiga ba wanda ya dube ni, kowa ya kafa ido a tebur, na gaba sun ja kujerunsu baya. Na ce musu abin da suka gani sunansa farfaɗiya, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, abin taron safe kuma wani ciwon ne da nake shan maganinsa. Na ce ranar sun gudu ne don ba wanda ya taɓa koya musu abin yi, kuma ni ce malamar halittunsu. Sai na cire takalmi na kwanta a ƙasa, daidai wurin, a gaban allo. Goggo, na ji wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya. Na ce daga nan ƙasa, "To, malama ta faɗi. Wa zai matsar da teburin nan?"

Can na ji ƙarar tebur. Na ce a sa mini abu mai laushi a ƙarƙashin kai, wata ta kawo jakarta. Na ce kada a danne ni, kada a sa mini komai a baki, in jijjigar ta tsaya a juya ni gefe. 'Yan mata biyu suka juya ni, hannunsu sanyi ƙalau don tsoro.

Ba zan ce miki kunyar ta tafi ba. Ina kwance ina kallon ƙafafun kujeru, ji nake kamar in nutse. Na tashi na karkaɗe zanena, na ce musu sai wata rana. Da aka buga ƙararrawar hutu na koma ofis, na ciro ƙwayar rana, na roƙi malamar lissafi ta miƙo mini ruwa, na sha a kan teburina.

'Yarki,
Auta